Na fi 'yata ƙarfi, amma ta doke ni a wasan boling: ina kuskuren yake?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. A hutun da ya wuce na kai iyalina wani gidan wasan boling a nan Abuja, karo na farko ke nan da na taɓa yi. Na ɗauki ƙwallo mafi nauyi, na riƙa jifa da iya ƙarfina, amma rabin jifan a kwata ya ƙare, kuma na kwana babban yatsana yana zugi. 'Yata mai shekara 12 tana turawa a hankali, ta fi ni maki nesa ba kusa ba. Lissafin da ke kan allon ma ban gane shi ba. Za mu koma, ina so a ɗora ni a hanya.

Amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, abin da ya same ka shi ke samun yawancin magidanta a ranarsu ta farko, kuma 'yarka ba sa'a ta yi ba. Ta yi abin da wasan yake bukata ne ba tare da ta sani ba: ta bar nauyin ƙwallon ya yi aikinsa, kai kuma ka yi kokawa da shi.

Mu fara da ƙwallon, don a nan ciwon yatsanka ya samo asali. Lambar da ka gani a jikin kowane ƙwallo nauyinsa ce a ma'aunin laba. A gidajen wasa ana ajiye su daga 6 zuwa 16, kuma 16 ɗin, wato kilo 7 da ɗan ɗoriya, shi ne iyakar abin da doka ta yarda da shi. Ana yawan cewa mutum ya ɗauki kashi ɗaya cikin goma na nauyin jikinsa, amma ni ba na ba sabon shiga wannan shawara, domin ta fi dacewa da wanda aka huda wa ƙwallo daidai hannunsa. Kai ka fara da 11 ko 12. Ramukan ma sun fi nauyin muhimmanci. Babban yatsa yana shiga raminsa gaba ɗaya, yatsan tsakiya da na kusa da ƙarami su shiga sauran biyun har gaɓa ta biyu, tafin hannu ya kwanta a jikin ƙwallon ba tare da an miƙe shi da ƙarfi ba. Juya babban yatsan a cikin ramin. In ya matse, zai maƙale lokacin saki. In ya yi yawa, za ka riƙa damƙewa don kada ya suɓuce, kuma wannan damƙar ce take kawo zugin da ka kwana da shi. Ka ɗauki minti biyar kana gwada ƙwallaye kafin a fara, ba ɓata lokaci ba ne. Cire zobe, kuma mai dogon farce ta rage shi tun daga gida.

Takalmin da suka ba ka aro ba ado ba ne. Tafinsa yana da santsi domin ƙafa ta ɗan zame a taku na ƙarshe, ta yadda gwiwa ba za ta sha birki kwatsam ba. Ku tafi da safarku. Kada ka taka ruwa ko lemo da shi, domin in tafin ya jiƙe zai cije a ƙasa ya kifar da kai. Babbar riga da duk wata sutura mai faɗin hannu ko mai jan ƙasa suna hana hannu lilo, a tattare su.

Yanzu ga abin da ya sa ƙarfi bai amfane ka ba. Daga layin da ba a tsallakewa zuwa kwalbar farko cikin goman da ake son kayarwa ƙafa 60 ne, sama da mita 18, faɗin titin kuwa mita ɗaya ne da 'yan kai. A irin wannan tsawo, kaucewar da ba ta kai faɗin yatsa ba a hannunka za ta zama kwata kafin ƙwallon ya isa. Duk lokacin da ka sa ƙarfin kafaɗa, hannun yana karkata ya tsallaka gaban jikinka. Abin da ake so shi ne hannu ya zama kamar igiyar lilo: ka tura ƙwallon gaba, ka bar nauyinsa ya sauke shi ya wuce baya, ya dawo da kansa, kai kana tafiya da shi taku huɗu. Mai jifa da dama yana farawa da ƙafar dama ya ƙare da hagu tana zamewa. Ka saki ƙwallon a kusa da idon sawunka, ƙasa-ƙasa, ya mirgina, ba a wurga shi ya faɗi tim. Bayan sakin, hannun ya ci gaba ya tashi sama kamar za ka miƙa wa wani hannu ku gaisa.

Sai abin da na fi so ka riƙe: daina kallon kwalaben. Duba titin, kusan ƙafa 15 bayan layin, za ka ga kibiyoyi 7 an zana. Su ake auna. Mai dama ya nufi kibiya ta biyu daga dama, ya kafa mata ido har ƙwallon ya bi ta kanta. In ƙwallon ya wuce ta hagun kwalbar gaba, ka matsa da tsayuwarka hagu kaɗan, kibiyar kuma ba ta canja ba. In ya kauce dama, ka matsa dama. Da farko hankali ba ya karɓar wannan, amma gwada sau uku ka gani.

Ba kuma tsakiyar kwalbar gaba ake nema ba. An jera kwalaben goma ne a siffar alwatika, sahu huɗu: ɗaya a gaba, sai biyu, uku, huɗu, ana ƙirga su daga 1 zuwa 10, daga ta gaba, kowane sahu daga hagu zuwa dama. Wurin da ake so shi ne tsakanin ta 1 da ta 3 ga mai dama, ko ta 1 da ta 2 ga bahago. Idan ƙwallo ya shiga nan yadda ya kamata, kwalabe huɗu kawai yake taɓawa, ta 1 da ta 3 da ta 5 da ta 9, sauran shidan 'yan uwansu ne ke kayar da su. In ka daki ta gaba a goshi, ƙwallon yakan ratsa tsakiya ya bar maka biyu a gefe da gefe, kuma mafi munin wannan ita ce ta 7 da ta 10, wadda ko ƙwararrun duniya da ƙyar suke kwashe ta. Za ka ga wasu suna murɗa ƙwallo yana lanƙwasa a ƙarshe. Dalili shi ne ana shafa mai a wajen kashi biyu cikin uku na farkon titin, ƙwallon ya zame a kai, sai ya kama ƙasa a busasshen wurin. Bar wannan tukuna, ƙwallayen aro ba don haka aka yi su ba. Wannan man ne kuma ya sa tsallake layin yake da haɗari: mutum na iya faɗuwa ta baya, ban da cewa a doka jifan ya tashi a banza.

Lissafin allo kuwa ga yadda yake. Wasa zagaye goma ne, kowane zagaye jifa biyu. In ka kayar da goman a jifan farko, shi ne sitiraik, allo ya rubuta X, ka sami 10 haɗe da abin da ka kayar a jifa biyu masu zuwa. In sai a jifa na biyu ka ƙarasa su, shi ne sifeya, a ja karkataccen layi, ka sami 10 haɗe da jifa ɗaya mai zuwa. Shi ya sa allon yake barin gurbi babu lamba, yana jiran jifan gaba ne. Sitiraik 12 a jere, wato har da jifa biyu na ƙari a zagaye na goma, shi ne maki 300, ƙololuwar wasan, ƙa'idar da ta zaunu tun lokacin da aka kafa ƙungiyar da ta daidaita dokokin wasan a birnin New York a 1895.

Duba wannan misali, don shi ne sirrin da sabon shiga ba ya gani. Mutum biyu, kowanne yana kayar da 9 a jifan farko na kowane zagaye. Na farko kullum yana kuskure ɗayar da ta rage: makinsa 90. Na biyu kullum yana kwashe ta, ya kuma kayar da 9 a jifan ƙarin da ake bayarwa a zagaye na goma: makinsa 190. Bambancin kwalaben da suka kayar 19 ne kacal, bambancin maki 100, kuma babu wanda ya yi sitiraik ko ɗaya. Ina takaicin ganin yadda mutane ke ɗaukar jifa na biyu kamar na sallama, su jefa shi suna hira. Ka ba shi natsuwar da ta fi ta farko. In wadda ta rage tana can gefen dama, ka koma hagu ka jefo a karkace, in tana hagu ka koma dama, domin ta haka faɗin titin yake zama naka.

Ladabin wurin kaɗan ne: in kai da na titin kusa da kai kun tashi tare, na dama ne ke fara jifa, kuma ba a ɗaukar ƙwallon da wani ya zo da shi daga gida. Jira injin ya gama share kwalabe ya ɗaga shingensa kafin ka jefa.

Game da yara, ka roƙi ma'aikatan su ɗaga wa ƙananan shingen da ke toshe kwata, kuma yawancin wurare suna da wani ƙarfe mai gangara da yaro ke ɗora ƙwallo ya tura. Wurin da nake so ka sa ido sosai shi ne inda ƙwallaye ke dawowa. Ƙwallo mai kilo 6 ko 7 yana fitowa ya bugi na gabansa, kuma yatsun yaro in suna tsakani za su ji ciwo ƙwarai. Koya musu su ɗauka da hannu biyu ta gefe da gefe, sai sun ɗaga sannan su sa yatsu a rami. Kai kuma a wannan zuwan ka sa wa ranka sifeya uku a wasa ɗaya, in ka same su makinka zai doshi 100. Allah ya ba da sa'a, a gaida mutan gida.