Sanda biyu a fuskar rakoda ba alkawari ba ne

Ka ce alamar batir ta nuna maka sanda biyu, ka shiga ɗaukar hira, kafin a je ko'ina rakoda ta mutu, kana tambaya ko ta lalace ne. Lafiyarta ƙalau, ɗana. Ka dai gaskata abin da ba a gaskatawa.

Rakoda ba ta ganin abin da ya rage a cikin batir. Ƙarfin wutar da ke fitowa take aunawa, sai ta yi kirdado. Sabon batirin alkalin yana ba da bolt 1.5, yana sauka sannu a hankali. Mai caji kuwa, wato NiMH, bolt 1.2 ne, kuma yakan tsaya kusan wuri ɗaya har ya zo gargara, sannan ya zube lokaci guda. Shi ya sa a cikin saitin rakodojin Zoom da Tascam akwai wurin da za ka gaya mata irin batirin da ka sa. In ba ka gaya mata ba, da ma'aunin wani take auna wani. Alkalin ma yana da nasa makircin: in ya huta ƙarfinsa yakan ɗan farfaɗo, ka kunna ka ga sanda, da an ɗora masa kaya sai ya durƙushe.

Babban kayan kuwa shi ne wutar fantom, wato wutar da rakoda ke tura wa makirifo ta waya. Makirifon kondensa yana son bolt 48, rakodarka kuma batir biyu gare ta, bolt 3 ke nan in sun cika. Dole ta yi ta haɓaka wannan 'yar wutar, kuma a jikin batir take fanshewa. In makirifon dainamik ka jona, kashe fantom, ba ya bukatarta. In ƙofar jona makirifo ɗaya kake amfani da ita, kada ka bar ta kunne a ɗayar. Irin su Zoom H5 da H6 suna ba ka zaɓin bolt 12 ko 24, amma sai ka duba takardar makirifon ka ga ya yarda. Awannin da kamfani ke rubutawa a kwali, galibi da makirifon jikin na'urar aka gwada, ba fantom. Kada ka yi lissafi da su.

Hasken fuska da ƙarar hedifon su ma suna ci, rage su. A saitin ingancin sauti kuma, hira ba ta bukatar kilohaz 96, 48 ya wadatar.

Abin da nake so ka yi yau: sa batir cikakke, jona makirifon da kake aiki da shi, danna ɗauka, ka ajiye ta har ta mutu. Tsawon abin da ta ɗauka shi ne gaskiyar batirinka. Rage kashi ɗaya cikin uku, ka rubuta a tef ka manna a bayanta. Da lokacin ya yi, nemi inda mai magana ya numfasa, ka tsayar, ka canja. Ka tsayar tukuna, na ce. Fayil ɗin sauti na WAV sai an tsayar ake kammala rubuta bayanin kansa. Wuta ta yanke ba zato, kana iya samun fayil a kati ya ƙi buɗuwa.

Ni masu caji nake so, irin waɗanda ba sa saurin zubar da caji in an ajiye, kamar Eneloop. Haɗa su biyu-biyu, ka sa wa kowane biyu lamba, tare za su yi aiki, tare za su sha caji. Kada ka gama tsoho da sabo, raunannen ne zai ja ɗan'uwansa ƙasa. Caja kuma nemi mai cajin kowane batir daban. A cikin akwatinsu, cikakku kai sama, ƙararru kai ƙasa, ko a duhu yatsanka zai gane. Ban da zuba su aljihu tare da makullai, suna iya haɗa wuta su ɗau zafi.

Aiki mai tsawo, fawa banki ta USB tana fitarwa in rakodar tana karɓa. Sai dai wasu sukan kashe kansu in abin da ake ja kaɗan ne, wasu kuma su sa siririn ƙara a sauti, don haka saurara da hedifon kafin ka fara. Bar batir a ciki, ka zare wayar a gida ka ga ko ɗaukar za ta ci gaba, ba duka ke yi ba. In kuma za ka ajiye rakodar ta kwana biyu, cire alkalin, yakan yi yoyo ya cinye ƙarafan ciki.