Tambaya da Amsa: Jari Ya Sauka Bakin Teku, Mene Ne Aikin Ƙaramar Hukuma?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne mai karatun tattalin arziki. Malaminmu ya ce idan masu zuba jari suka nufi garin bakin teku da otal-otal da tashar jiragen ruwa, ƙaramar hukuma ce ta fi kowa iko kan yadda abin zai kaya. Ni kuwa gani nake kuɗin na 'yan kasuwa ne, tashar kuma ta gwamnatin ƙasa. Ashe ma'aikatan tsara gari ba jinkiri kawai suke jawowa da takardunsu ba?
Daga wani ɗalibi

AMSA: Ɗalibi, Allah ya ƙara basira. Rabin maganarka gaskiya ce. Da wuya ka ga ciyaman da ke gina tashar jiragen ruwa da kasafin kuɗinsa. Ko Shenzhen da ake yawan buga misali da ita, gwamnatin tsakiya ta Sin ce ta ware ta a matsayin yankin tattalin arziki na musamman a 1980. Amma malaminka ya fi ka gaskiya, kuma dalilin takarda ce guda: izinin gini. A ƙasashe da yawa hukumar gari ce ke cewa nan a gina, nan kada a gina, kuma a bakin teku rayuka ne ke rataye a wuyan wannan sa hannu.

Dubi La Faute-sur-Mer, wani ƙaramin gari a gaɓar yammacin Faransa. Mutane na son gidan hutu kusa da ruwa, filaye suka yi daraja, hukumar garin ta yi ta ba da izini a wani kwari da ke bayan katangar tare ruwa. Yawancin gidajen ba su da bene, masu su kuma akasari tsofaffi ne da suka yi ritaya. A ƙarshen Fabrairun 2010, cikin dare, guguwar Xynthia ta haɗu da cikar teku, ruwa ya tsallake katangar ya cika kwarin mutane na barci. Wanda ba shi da bene ina zai hau? Mutum 29 suka rasu a wannan gari kaɗai. Daga baya gwamnati ta sayi ɗaruruwan gidaje ta rushe, kotu kuma ta kama magajin garin da laifi a 2014. Kafin wannan dare, duk wanda ya duba littafin harajin garin zai ce ci gaba ake samu.

Nan gizo ke saƙar. Kowane fuloti da aka yanka kuɗin shiga ne a bana, alhali ɓarnar ruwa sai bayan shekara ashirin take zuwa, lokacin da mai sa hannun ya daɗe da barin kujera. Ba lallai ne ya zama mugu ba. Albashin ma'aikata ne ke jiransa ƙarshen wata. Shi ya sa wasu ƙasashe suka ɗaure hannun ƙananan hukumomi da doka. Faransa tun 1986 ta hana gini a cikin mita 100 daga gaɓa a wuraren da gari bai riga ya kai ba. Ka ga ko da dokar ma, abin da ya faru ya faru.

Sai ruwan sha, wanda ba kasafai ake tuna shi ba idan ana yanka ribon. Jakarta ta bunƙasa fiye da yadda famfon gwamnati ya kai, don haka masana'antu da manyan benaye da gidaje kowa ya haƙa burtsatsensa. Da aka zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, ƙasar ta fara zama, har wasu unguwannin arewacin birnin suka koma ƙasa da matakin teku. Yana cikin dalilan da suka sa shugaban Indonesiya na lokacin, Joko Widodo, ya sanar a 2019 cewa za a ɗauke babban birnin ƙasar daga Jakarta a mayar da shi tsibirin Borneo. Shimfiɗa bututu aiki ne mara armashi, ba ya jawo 'yan jarida, amma da an yi shi da wuri da kuɗin katangar teku ya ragu.

Yashi ma bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. A gaɓar Togo igiyar ruwa na kwasarsa daga yamma zuwa gabas. Da aka gina tashar Lome a shekarun 1960, sai ya taru a yammacinta, gabas kuwa teku ya shiga cin ƙasa har aka ja hanyar zuwa Aneho baya. Wani ya ci riba, maƙwabcinsa ya biya. Idan ƙananan hukumomin da ke jere a gaɓa ɗaya ba sa zama teburi guda, kowa tsarin banza yake yi.

Batun jinkiri kuwa, ban wanke ma'aikata duka ba. Akwai fayil ɗin da ke kwana a tebur don ana auna tudun fili da hanyar ruwa, akwai kuma wanda ke kwana don ana jiran na goro. Hanyar gane su mai sauƙi ce: hukumar da ta wallafa taswira kowa ya gani, ga inda ruwa ke kaiwa, ga inda masunta ke ajiye kwalekwale, ga inda aka yarda a gina, ba ta buƙatar wata shida kafin ta amsa maka. Mai jari na kirki ma ya fi son haka, domin banki da kamfanin inshora za su tambaye shi.

In kana neman abin rubuta kundin kammala karatu, zaɓi garin gaɓa guda, ka nemi taswirar ambaliyarsa da jerin izinin ginin da aka bayar cikin shekara goma, ka ɗora ɗaya kan ɗaya. In sun hana ka jerin, rubuta wannan ma a babi na farko.