Likita, in daina cin tuwo ina koyon walda? Amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan makon kusan duk a wuri ɗaya suka haɗu, mata masu koyon aikin da aka saba gani a hannun maza da kuma wannan yayi na rage sitaci da ake ta yi. Na ɗauki huɗu.

Tambaya: Salam Likita. Ni malama ce a wata cibiyar koyon sana'a a Kano, 'yan matanmu kanikanci da walda da haɗa wutar sola suke koya. Da yawansu sun shiga keto ɗin da suke gani a TikTok, shi ne aka ce in riƙa yi musu darasi a kai. Ta ina zan fara dan Allah?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, sannu da ƙoƙari. Ki fara raba musu abu biyu da ake cakuɗawa. Rage sitaci shi ne mutum ya ci ƙasa da gram 130 na sitaci da sukari a yini, shi kuma keto ƙasa da gram 50 ne, kin ga kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa kusan gram 45 ne, wato ta ci wannan shi ke nan ta gama na ranar. Shi keto ma asalinsa magani ne, a 1921 aka fara shi a Amurka domin yara masu farfaɗiya, ba don mai ɗaga giyabos aka tsara shi ba.

Ranar farko kar ki taɓa allo. Ki zo da kwalbar lemo 50cl da kofin gilashi da sukari, ki sa ɗaya daga cikinsu ta riƙa zuba cokalin shayi kuna ƙirgawa har 12, ki ce to ga abin da ke cikin kwalbar nan da kuke sha da fanke ƙarfe sha ɗaya. Wallahi wannan ya fi duk wani bayani shiga kai. Daga nan sai faranti, rabi ganye (kwaɗon zogale, rama, kabeji, miyar kuɓewa mai yawa), kashi ɗaya cikin huɗu abin gina jiki, ragowar tuwo ko shinkafa, malmala ɗaya maimakon biyu. Kuma dan Allah ki koyar da abin da ke bakin garejin, awara, dafaffen ƙwai, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, kindirmo ba sukari, kifi in da hali. Yarinyar da kuɗin motarta ma sai an yi lissafi, in kika ce mata garin almond ta daina sauraronki kenan. Ni ra'ayina, mai aikin ƙarfi ta yanke lemo da kayan zaƙi, ta rage tuwo, amma kar ta kore shi gaba ɗaya.

Tambaya: Likita kwana biyar kenan ban ci shinkafa ko burodi ba, har na sauke kilo 2, amma jiya ina kan tsani muna ɗora sola jiri ya kwashe ni sai da ogana ya riƙe tsanin. Ga ciwon kai. In ci gaba?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya tsare gaba. Kilo biyun nan yawancinsa ruwa ne ba kitse ba, kar ki yi saurin murna. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, gilaikojin ake ce masa, kuma kowane gram ɗinsa yana riƙe da ruwa kamar gram 3, da kin daina cin sitaci sai ajiyar ta ƙare ruwan ya bi fitsari, ƙoda kuma ta ƙara zubar da gishiri saboda insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, ya sauka. To ki haɗa wannan da gumin da kike yi a kan kwanon rufi da rana tsaka, ina jiri ba zai zo ba? Ranar da za ki hau sama ki karya da abu mai sitaci, ko koko da ƙosai ne ko wake da shinkafa kaɗan, ki tafi da gorar ruwa, in gumin ya yi yawa ki haɗa ORS, wato ruwan gishiri da sukari. Ragin ki bar shi sai abincin dare. In jirin bai tafi ba bayan kin koma cin abinci ki je a auna hawan jininki da PCV, wato gwajin yawan jini.

Tambaya: Aslm Likita, shekarata 21, ina shirin shiga aikin soja, kullum da asuba ina gudu, na daina cin sitaci kwata-kwata don in yi sauƙin jiki. Yanzu wata uku ban ga al'adata ba, ƙaurina kuma yana ciwo. Ƙawata ta ce alamar jiki ya ƙeƙashe ne.

Amsa: A'a 'yata, ƙawarki ba ta faɗi daidai ba, kuma taki ce ta fi damuna a duk tambayoyin. Kowace mace da al'ada ta ɗauke mata gwajin ciki muke fara yi a asibiti, ƙa'ida ce kar ki ji komai. Amma yadda kika bayyana ya fi kama da jikin da abincin da ke shiga bai kai aikin da ake sa shi ba, sai ƙwaƙwalwa ta rage sinadaran da ke sa a saki ƙwai, sinadarin mata da ake kira istirojin ya faɗi, shi kuwa istirojin shi ke tsare ƙashin mace. Likitocin wasanni sun daɗe da sanin wannan a 'yan tsere mata. Ciwon ƙaurin nan yana iya zama tsagewar ƙashi irin wadda yawan gudu ke kawowa, kuma ta fi samun mata a horon soja fiye da maza, in kika shiga da ita ko sati biyu ba lallai ki yi ba. Ki dakatar da gudun, ki je a duba ƙafar, ki koma cin abinci sau uku da sitacinsa.

Sai maganar jini. Mace mai al'ada tana buƙatar miligram 18 na ayon, sinadarin da ke gina jini, a rana, namiji 8 kacal, shi ya sa ba na son a kwafo tsarin abincin maza a ɗora wa mata. Hanta, nama, wake, zogale, a matsa lemon tsami a kai. Shayi kuma a ba shi tazarar awa ɗaya da abinci, yana hana jiki ɗaukar ayon ɗin.

Tambaya: Likita ina koyon tuƙin babbar mota, ina da ciwon suga ina shan glibenclamide, kuma ina shayarwa. Zan iya yin keto?

Amsa: Hajiya keto kam a'a. Wannan maganin yana sauke suga ko kin ci ko ba ki ci ba, in kika yanke sitaci a kansa suga zai iya faɗuwa kina riƙe da sitiyari, rawar jiki, gumi mai sanyi, gani ya dushe. Ga shayarwa da ke jan nata, an samu masu shayarwa da keto ya kai su asibiti jininsu ya yi tsami. Rage sitaci daidai gwargwado yana taimakon masu suga sosai, amma likitan da ya rubuta miki maganin za ki fara samu ya duba ko zai rage ko ya canza. Kafin nan ki riƙa auna suga kafin ki tada mota, ki ajiye dabino ko sukari mai ƙwaya kusa da hannunki.