Wa Ke Riƙe da Alƙalamin?

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya. Wai al'ada ce a finafinan 'yan sanda da ɓarayi a sa baƙar fata ko Balarabe ya zama mugu, Bature kuma ya zama mai bankaɗo gaskiya? Wai ko ka daina kallo? Dariyar dai ba ta yi nisa ba, don na lura ka fara ƙirga fuskoki tun ba ka ji labarin ba.

Abin ya girme ka, ya girme ni. A shekarun 1930 akwai wani mai bincike Basine a finafinan Amurka, Charlie Chan. Wanda ya fi shahara da fitowa a matsayinsa, Warner Oland, haifaffen Suwidin ne aka yi wa kwalliya. Ka ga ko da sun ba wani rawar kirki, fuskarsa ba su yarda da ita ba.

Muna samari aka nuna mana In the Heat of the Night, fim ɗin 1967, ya riga ya tsufa kafin ya zo gare mu. Sidney Poitier, ɗan wasa baƙar fata, shi ne ɗan sandan ciki daga Filadelfiya, ya faɗa wani ƙaramin gari a Misisipi, aka fara kama shi a tashar jirgin ƙasa a kan kisan da daga baya shi zai warware. To akwai inda ya je yi wa wani attajirin Bature mai gonar auduga tambayoyi, a ɗakin da yake renon furanni. Mutumin ya ji an taɓa girmansa, ya ɗauke shi da mari. Kafin ya sauke hannu Poitier ya rama, tas! Wallahi sinimar nan sai da ta girgiza. Wani dattijo a gabanmu ya miƙe tsaye, hularsa ta faɗi bai sani ba, yana ta cewa a maido wurin. Rabinmu ba ma jin Turanci, amma ba wanda ya nemi tafinta.

Na koma gida ina ta zuba wa kakanka labari. Ya bari na gama, ya ce: to wa ya rubuta? Na ce ban sani ba. Ya ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Sai da na ga Shaft na 1971, wanda baƙar fata Gordon Parks ya ba da umarni, na fara hango inda ya dosa.

Abin da ke damuna da ku shi ne kuna so duk wanda ya yi kama da ku ya fito waliyyi. Denzel Washington, shi ma baƙar fata, da rawar mugun ɗan sanda ya ci babbar kyautar fim ta Oscar, a Training Day na 2001, kuma ban ji an zage ni ba, don an ba shi wayo da kwarjini da dalili. Wanda ke ɓata mini rai shi ne ɓarawon da ba shi da suna, ba uwa ba uba, ya yi ihu da wani yare a harbe shi.

Batun daina kallo kuwa, kai da kake tsallake rabin fim da yatsa a waya, me ka kalla da za ka daina? Idan ka zo hutu ka taho da kwamfutarka, ka nuna mini wanda ya tayar maka da hankalin, mu zauna har sunayen ƙarshe su gama wucewa.