Wai da gaske masanin halayyar dan Adam ne ya kirkiro Wonder Woman, jarumar nan ta labaran zane na Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum, ni daliba ce ina karanta fannin halayyar dan Adam, malaminmu ya ce mana wanda ya kirkiro Wonder Woman dan fanninmu ne, wai har da hannunsa a na'urar nan ta gano makaryaci. Don Allah haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, malaminku bai fadi karya ba. Sunansa William Moulton Marston, dan Amurka ne, an haife shi 1893 a jihar Masacusets, ya karanta lauya a jami'ar Harbad sannan ya yi digirin dakta a halayyar dan Adam a 1921. Shi ya lura cewa in mutum yana karya jininsa na hawa, sai ya rika daura wa mutane abin awon hawan jini a hannu yana musu tambayoyi yana kallon yadda awon ke tashi, kuma ance matarsa Elizabeth ce ta fara ankarar da shi don ta ce ita in ta fusata jininta hawa yake. A 1923 wata kotu a Washinton ta ki karbar gwajin nasa a matsayin hujja a shari'ar wani da ake kira Frye.

To kinga wannan igiyar zinariya da jarumar take daure mugu da ita dole ya fadi gaskiya, wasu na cewa daga nan tushenta yake, wato abin da kotu ta ki masa ya samu a zane. Wonder Woman ta fara fitowa ne a karshen 1941 a mujallar All Star Comics lamba 8, Marston yana rubutawa da sunan Charles Moulton, Harry Peter kuma yana zanawa, manufarsa yara mata su ga mace mai karfi wadda ba ta jiran namiji ya zo ya cece ta.

Amma ni abin da ke min ciwo shi ne yadda aka dade ana mantawa da matan da ke bayansa. Elizabeth, wadda ita ma ta karanta lauya, ita ke fita aiki tana ciyar da gidan lokutan da ba shi da aiki, ga Olive Byrne tsohuwar dalibarsa da ke zaune tare da su ta haifa masa yara biyu suka boye wa duniya lamarin, mundayen da ke hannun jarumar ma irin wadanda Olive take sawa ne. Da cutar shan inna ta kama shi a 1944, wata matashiya Joye Hummel ce ta rika rubuta labarai da yawa ba tare da an sa sunanta ba. Ya rasu 1947 da ciwon daji, Elizabeth da Olive suka ci gaba da zama tare suna rainon yaran su hudu.