Daga ina sunan João ya samo asali, kuma shin shi ne Yahaya?

Tambaya: Malam, ina yawan jin sunan João a jikin 'yan ƙwallon Fotugal, irin su João Félix da João Cancelo. Wani abokina ya ce wai shi ne Yahaya a harshensu. Mene ne gaskiyar maganar?

Amsa: Malam mai tambaya, abokinka bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai maganar tana bukatar gyara kaɗan. Tushen sunan shi ne Yohanan na Ibrananci, wanda ke nufin Ubangiji ya yi rahama. Girkawa suka ɗauke shi, ya shiga Latin a matsayin Ioannes, sannan harshen Fotugal ya yi ta taƙaita shi har ya koma João, kamar yadda ya zama John a Ingila da Jean a Faransa. Saboda haka takwaransa na kusa shi ne Yohanna. Alaƙarsa da Yahaya kuwa ta mutum ce, domin ɗan Annabi Zakariyya, wanda Musulmi ke kira Annabi Yahaya (AS), shi ne Kiristocin Fotugal ke kira São João Baptista, kuma da sunansa ake bikin da ke cika titunan birnin Porto a daren 23 ga Yuni kowace shekara.

Wajen furuci ne aka fi yin kuskure. Harafin farko yana fita tsakanin j da sh, ƙarshen sunan kuma ta hanci yake fita, wanda shi ne aikin 'yar lanƙwasar da ke kan harafin a. A ganina bai dace masu rubutu su riƙa yar da ita ba.

Sarauta ma ta ƙara wa sunan daraja, domin sarakunan Fotugal shida ne suka amsa shi. A zamanin João na biyu aka gina ganuwar Elmina a gabar tekun Ghana ta yau, a shekarar 1482, João na shida kuma shi ne ya ƙaura da fadarsa zuwa Brazil a 1807 don guje wa sojojin Napoleon. Mulkin mallaka ya kai sunan Brazil da Mozambik da Angola, inda João Lourenço ya hau shugabanci a 2017.

Mace ana sa mata Joana. Amma in ka ga Maria João, to mace ce, João Maria kuwa namiji ne, saboda sunan da ya zo a farko shi ke nuna jinsin mai shi.