"Wai" ɗin da na cire a Hajjin 1985

Ka tambaye ni me ya sa jaridun da ke cikin akwatina suka cika "wai", kai kuma na ja maka layi da jan biro da ka sa ta jiya. Ajiye wayar nan tukuna, yaro.

Mutanen da suka taso da Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam na editanta, sun san inda ake dasa kalmar nan. "Wai an kama ɓarawo", kamun ne ba ka tabbatar ba. "An kama wani, wai ɓarawo ne", kamun ya tabbata, satar ce ba ka gani ba. Ka matsar da ita kaɗan, "wai shi malami", ta zama zagi. Wannan na ƙarshen ka rubuta jiya ba ka sani ba. Sauran ƙa'idojin ba sai na faɗa ba, wanda bai san su ba ya koma sayar da tasbaha a bakin Harami.

Hajjin 1985 ya faɗo cikin Agusta, zafi yana kayar da mutane a Mina. Ina aiki a wata maɗaba'a nan Shara Mansur a Makka, ni kaɗai ne mai Hausa, kuma injinmu ba shi da ɓ da ɗ da ƙ, da bakin alƙalami nake lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya. Washegarin saukowa daga Mina wani alhaji ya shigo, babbar riga ta sha aiki, yana son sanarwa kwafi 2,000 a raba a masaukan alhazai. Wakilin da ya karɓi kuɗin hadayarsu ya ɓace tun ranar Arfa. Na rubuta: "Wai ya gudu da kuɗin." Ya ɗora yatsa kan kalmar, har yau ina ganin zoben azurfar nan, ya ce, "Malam, mene ne wannan? Gulmar mata zan raba? Cire ta, ni zan ɗauki nauyi."

Na san bai kamata ba. Amma ya ajiye riyal 500 kafin alƙalami, ni kuma ikamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta kusa ƙarewa. Na cire. Kwana na yi ina lanƙwasa haruffa.

Kwana uku sai ga mutumin da ake nema, 'yan'uwansa sun riƙo shi ta hammata. Ashe zafi ne ya buge shi, yana kwance a asibiti bai san inda kansa yake ba, kuɗin kuwa suna ɗaure a ƙugunsa, ko riyal ɗaya bai yi ciwon kai ba. Aka tara dattawan unguwa. Alhajin nan ya dube ni ido cikin ido ya ce shi "an ce" ya gaya mini, mai rubutu ne ya ƙara gishiri. Takardar farko da ke da "wai" ɗina na yaga ta da hannuna, da me zan kare kaina? Na sake buga kwafi 2,000 na neman afuwa da kuɗin aljihuna, kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya zaftare mini albashin wata biyu, cikon kuɗin aikin kuwa ya bi jirgin Kano. Na ga alhajin a ɗawafi bayan shekara shida, ya yi mini sallama kamar ba shi ba.

Ku yaran yanzu saƙo ya shigo WhatsApp, kafin a idar da sallama kun tura wa mutum ɗari, in an tsare ku ku ce ai turo muku aka yi. Ɗauko shafin jiya. Ka mayar da "wai" ɗin farkon jimla, kuma kada ka sake yaga takardar da mai aiki ya gyara sai ya sa hannu a gefenta. Akwai fayil a aljihun teburin can na ƙasa.